Rantsuwar Nomau a Kan Kiran Ƙasar Waje

Ku da kuka san Nomau ai ba sai na tuna muku yadda yake amsa waya ba. Da ta yi ƙara sai ya miƙe tsaye, ya kakkaɓe riga, ya tambayi wanda ke kusa, "Wane gari na?" In an ce Legas, ya juya kudu. In an ce Sakkwato, ya juya yamma. Wai rashin ladabi ne ka ba mutum ƙeya kana gaishe shi. Kuma gwargwadon nisan gari, gwargwadon ƙarfin murya. In da ɗansa Sanusi na Legas yake magana, wallahi har mutanen Gangara sai sun san an sayar da akuya a gidan. Na sha ce masa, "Taubashi, in haka za ka yi, aje wayar mana, ai yana jin ka." Sai ya harare ni ya ce, "Kai dai Mamman, ran da anka raba hankali kana kasuwa."

Ni ɗan kawunsa ne, taubashinsa, don haka ina da ikon tsokanarsa har yau da ƙasa ta rufe masa ido. In ban faɗi nasa ba, wa zai faɗa?

Wayar ta zo hannunsa ne a shekarun nan da damina ta yi mana gardama. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya bushe a tsaye muna kallo. Samari suka watse ci-rani, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai mu 'yan kai-da-kawo. Sanusi ya samu abin da ya samu a kudu, ya aiko wa ubansa waya ta hannun wani direba, don a riƙa jin lafiyar gida. To amma ba don Sanusi Nomau ya yi murna ba, kada ku ji ya ruɗe ku. Don Yaya Ige ne.

Yaya Ige yayarsa ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ita ta goye shi bayan rasuwar innarsu. An aurar da ita tun muna yara can bayan iyaka, wani ƙauye ta hanyar Tsibiri, tafiyar da jaki ke yi daga hantsi zuwa la'asar. Mijin ya rasu, 'ya'yan da suka rayu mata ne, duk suna gidajen wasu. Fari kuwa in ya yi mana mari ɗaya, su can biyu yake yi musu. Nomau ba shi da buri a duniya sai ya ɗauko ta ta dawo gida, su ci ɗan abin da ke akwai tare, kafin yunwa ta yi mata illa. Ita kuma ta kafe: ba ta barin ɗakin mijinta ta zo ta zama kaya a wuyan ƙane. Ni da nake ɗaukar kaya a babur ina ƙetarawa, na kai saƙon har bakina ya gaji. Amsa ɗaya ce kullum, "Ka ce mai muna lahiya." Shi da kansa ya taɓa zuwa, ta ranto kaza ta yanka masa, ta rako shi har bakin gari tana dariya. Sai ya ga to, ga waya ta samu, zai yi ta yi mata naci har ta gaji.

Ita ba ta da waya, amma akwai wani tela maƙwabcinta, Habu, mutumin kirki, shi ke kai mata tasa. Na karɓo lambarsa. Ran nan Nomau ya sa kati sabo, ya kira Legas tukuna don gwaji, ya sha hirarsa. Washegari ya kira Yaya Ige da abin da ya rage, yana ganin ai da yawa. Ko minti kirki ba a yi ba waya ta ɗauke.

Ranar kasuwar Sabon Birni ya tasa ni gaba har rumfar Lawali mai kati.

"Lawali, katin ga naka ruɓaɓɓe na."

"Subhanallahi! Baba, kati na ruɓewa?"

"To mi za ni ce? Na kira Legas, munka gaisa da Sanusi, na gaida abokan kwanansa, har wani Bayarabe na samu na tsokana, kuɗi ba su ƙare ba. Na kira Yaya nan bayan gari, ko gajiya ba mu gama tambaya ba, wata marar kunya ta faɗo tsakaninmu tana Turanci. Ɗiyar wa ce? Ba a koya mata in manya na magana a yi shiru ba?"

Lawali ya danne dariya, ya yi masa bayani a hankali, kuma gaskiya ya iya bayani. Ya ce ba nisa ake biya ba. In cikin ƙasa ne, ko Fatakwal ka kira ko Isa, kuɗin kusan ɗaya ne. Amma da kira ya tsallake iyaka, kamfanin nan sai ya miƙa wa kamfanin can, shi ma ya ci nasa, kowa ya yanki rabonsa a katinka. Shi ya sa ma sai an ƙara wasu lambobi a gaban lambar kafin ta shiga. "Shi aka ce ma kiran ƙasar waje, Baba."

Nomau ya dube shi sama da ƙasa.

"Wa ke ƙasar waje?"

"Ita Gwaggo ɗin."

"Yaya Ige? Wadda ta goye ni? Wadda in hadari ya taso garinsu muna ganin walƙiya daga ƙofar gidana? Ita ta ƙasar waje, Bayaraben Legas shi na na gida?"

"Baba, ba ni na tsara ba."

"Ai na sani, kanka bai kai nan ba." Ya ɗaga yatsa sama, 'yan kasuwa sun fara taruwa. "Ku shaida. Na rantse da Allah, ba ni ƙara ba wani ko kwabo don in yi magana da ɗiyar uwata awa baƙuwa."

Aka yi ta dariya, ni ma na yi. Amma a hanyar komawa na rasa abin tsokana. Wane ne a cikinmu ba shi da gwaggo ko kawu a can? Kaburburan kakanninmu rabi nan rabi can. Layin iyakar nan da aka ja ba mu tuna shi sai in 'yan duwan, wato kwastan, sun tare mu da buhu. Yau ga shi ya biyo mutum har cikin aljihunsa, yana faɗa masa wane ne ɗan'uwa na kusa, wane ne na nesa. Nomau kaɗai ya ji zafin abin har ya furta.

Sai dai rantsuwa ba ta ɗauko Yaya Ige. Ni na samo masa mafita, don na san hanya. Akwai wani tudun yashi arewa da gonaki, mai gawo ɗaya a kansa, inda sabis ɗin Nijar ke kamawa sosai. In ka sa layin Nijar a wayarka ka hau tudun, kiran ƙauyen su Yaya Ige ya zama kiran gida, da 'yan sefa kaɗan sai ka sha magana. Na sayo masa layin da katinsa a can. Kai, ka ga murna! Ya naɗe layin a takarda, ya soke a naɗin hularsa, ya ce, "Ashe dai ka samu ragowar hankalin a kasuwa."

Na ce ya riƙa hawa babur ina kai shi. Ya ce Allah ya kiyashe shi hawan abin da ba ya jin tsawa. Jakinsa zai hau. Aka yi da Habu tela, duk Juma'a bayan an sauko masallaci. Nomau ya ɗaura wa jaki akumari, ya kama hanya cikin ranar nan mai narka ƙwaƙwalwa, ya hau tudu, ya zauna gindin gawo, ya ɓalle bayan waya da farce, ya sauya layi. Wata Juma'a layin ya suɓuce ya faɗa yashi. Da na biyo ta wajen na same shi durƙushe da rariyar matarsa da ya koma gida ya ɗauko, yana tankaɗe tudu kamar mai neman zinariya. Ya kuwa same shi, don Nomau ba ya barin abu.

A shekarar nan harawa ta fi tuwo daraja. Na zauna na yi masa lissafi, na ce, "Taubashi, abin da jakin ga ke ci kafin shi kai ka tudu shi maido ka, ya fi kuɗin kiran da kake gudu. Ina ribar?"

Ya ce, "Jakin wa?"

"Naka."

"To abin da ya ci, gida ya ci."

Na taɓa tsayawa a tudun na ji hirar tasu, kuma da na sani ban tsaya ba. Yana cewa, "Yaya, ki taho gida, rumbu cike yake, mun rasa masu ci." Ita kuma muryarta na fitowa siririya, "Mu ma nan alhamdu lillahi, jiya ma saura na zuba ma kaji." Ni kaɗai a duniya na leƙa rumbunan nan biyu. Nasa in ka yi magana a ciki sai ta amsa maka, ɗan abin da Sanusi ke aikowa ne ke riƙe da gidan. Nata kuwa gizo-gizo ya riga ya yi gado. Tsofaffi biyu, kowa na yi wa ɗan'uwansa ƙarya don kada ya ɗaga masa hankali, suna gamawa da "sai wata Juma'a". Ya sauko yana share ido da hannun riga, ya ce yashi ne.

Kada in sa ku kuka tun yanzu, bari in ba ku na gona. Kun san gonarsu ta gado, doguwar nan da ta miƙe arewa. Wata rana yana can ƙarshenta yana tattara kara, layin gida na cikin waya, Sanusi ya kira. Suka gama, ya dawo, aka duba, kati ya tafi, alhali shi aka kira. Ga kuma saƙo ya shigo da Faransanci. Na karanta da ɗan abin da na tsinta a hanya, na ce, "Wai suna yi maka barka da zuwa Nijar."

"Wa ya tahi Nijar?"

"Kai. Wayarka ta saki sabis ɗin gida ta kama nasu. In haka ta faru, ko kai anka kira sai ka biya, don kai baƙo na."

"Cikin gonar kakana?"

"Cikinta."

"Gonar ta yi ƙaura ban sani ba?"

Har wajen mai gari ya kai ƙara, wai a bincika ko an matso da iyaka da dare. Mai gari ya ba shi haƙuri da goro. Tun daga ranar, in zai shiga gonar sai ya rataye wayar a wata aduwa da ke bakin kudu, ya ce mata, "Zamna nan, ba ki da takardun tahiya." Masu wucewa su ji aduwa na ƙara, su ce Nomau na cikin kara.

Fari ya zarce shekara ta biyu. Jakin ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa daga nesa, dole Nomau ya kai shi kasuwar Bafarawa ya rabu da shi. Muka ce to, yanzu kam sai babur. Ina! Da ƙafa ya koma zuwa tudun, dattijo da sanda, cikin yunwa. Ƙafar dama ta fara kumbura, ya ce ƙaya ce. Matarsa ta yi magana, na yi, limamin gari ya ce masa rantsuwa irin wannan ana kaffara a huta. Ya ce shi bai rantse don ya yi kaffara ba.

Ana haka na ƙetara da kaya, na biya ta wajen Yaya Ige ba ta san da zuwana ba. Na same ta tsakar gida tana tsame anza daga ruwa. Ku yaran yanzu ba ku san anza ba, Allah kada ya sanar da ku. 'Ya'yan itace ne masu ɗaci da ake jiƙawa kwana da kwanaki kafin su ciwu, ba mai taɓa su sai wanda ya rasa. Turken akuyarta babu komai. Zanen jikinta sai da ta yi masa naɗi biyu. Ta kama hannuna ta ce, "Mamman, don girman zumunta kada ka faɗa mai." Na ce to. Ina isowa gida ko babur ban kashe da kyau ba na faɗa masa, kuma har gobe ba na nadama.

Yana zaure, ƙafar a miƙe kan tabarma. Ya saurare ni har na gama. Ranar Talata ce, Juma'a da sauran tafiya. Na ce, "Yau kam ka haƙura ka hau babur in kai ka tudu. In Habu na kusa da wayar, sai a dace."



"Na kira ta daga tudu har na gaji," in ji shi. "Je ka wajen Lawali ka sawo kati. Na gida."

Na zaci ban ji daidai ba. "Layin gida? Taubashi, rantsuwar hwa?"

"Da kai anka yi ta?"

Na je na dawo, na kankare kati na loda, na jera lambar Habu da 'yan lambobin nan na gaba da ya tsana. Don in sauƙaƙa masa na ce, "Bari ni in danna. Ka ga ba kai ka kira ba, kai magana kawai za ka yi." Har ya ɗan yi murmushi, dabarar ta burge shi. Sai ya miƙo hannu.

"Kawo. Ba a yi ma Allah wayo."

Ya danna da babban yatsansa. Habu ya ɗauka a shagonsa. Muna jin ƙarar keken ɗinki ta tsaya, muna jin takunsa yana gudu a lungu, yana sallama, kati na ta tafiya a banza, Nomau bai ce uffan ba. Can muka ji Habu na cewa, "Inna, Nomau na. Amma hwa da lambar Najeriya."

Sai muryarta. Ba ina wuni, ba ina gajiya.

"Nomau? Daga ina kake kira?"

"Daga zaurena, Yaya."

Har na ɗauka ma ta katse.

"Ka hwa rantse."

"Na rantse."

Sannan ta ce, "Turo Mamman da babur."

Iyakar maganar ke nan. Duk dogon bayanin da na san ya tanada, na rumbu da na zumunta, ko ɗaya bai fita ba. Ya aje wayar a tabarma ya ce mini, "Mi kake jira?"

Da sassafe na isa. Na same ta zaune a ƙofar ɗaki, ta ƙulle kayanta a zane ɗaya, da tukunyarta ta miya da ta ce ba ta bari. Ta ja ƙyauren ɗakin mijinta, ta tsaya ta yi addu'a, ta ba Habu ajiyar makulli. Ba ta waiwaya ba. Muna tafiya cikin yashi tana riƙe da rigata, ba ta da nauyin da babur zai san an hau shi. Na kasa haƙuri, kun san bakina. Na ce, "Yaya, shekara biyu muna roƙo kin ƙi. Jiya ko roƙon bai yi ba."

Ta ce, "Yaron ga tun yana goye in ya ce ba ya shan kunu, sai dai a zubar. Duk garinmu na ba su labarin rantsuwarsa, ina taƙama. Mutumin da ya gwammace shi taka da ƙafa cikin ranar ga da shi tashi maganarsa, jiya ya tashe ta gaban Allah saboda ni. To ni wace ce da za ni riƙe tawa?"

A haka muka shigo gari.

Kada ku zaci an rungume juna ana kuka. Tana sauka ta dubi ƙafarsa ta ce, "Dubi wagga ƙazanta! Ba mata a gidan ga?" Shi kuma ya ce, "Ke da kike zuba ma kaji tuwo, ina ƙibar?" Aka dafa ruwan zafi, ta zauna ta gasa masa ƙafar da kanta tana faɗa.

Kaffara kuwa sai da ya yi ta cikakkiya, ciyar da mabukata goma. Liman ya ce a halin da ake ciki azumi ma ya isar masa, ya ce a'a, da baki ya yi ɓarna, bakuna zai ciyar. A shekarar ba sai an fita neman mabukata ba, leƙa katanga kawai za ka yi. Yaya Ige ce ta tuƙa tuwon, tana tuƙi tana mita, "Gero na tsada, wani na rantsuwar banza tsakiyar kasuwa." Da aka kwashe ya sa aka fara zuba mata, ya zauna yana kallo sai da ta cinye.

Sun samu shekaru tare a gidan nan, suna faɗa safe da yamma kamar yara. Ta murmure, ta yi kumatu, ta ga damina mai kyau ta dawo. Shi ne ƙafar ba ta sake shi ba, ta yi ta cin sa a hankali har ta kwantar da shi. Ran da ya cika, kansa na kan cinyarta, ita ta yi ta laƙƙana masa kalmar shahada. Ga ta can cikin gida yanzu, ido ya yi rauni, in na shiga gaishe ta sai ta ce, "Mamman, wai ni da na goye shi, shi ya riga ni."

Ina kewarsa, wallahi ina kewarsa. Ba ni da wanda za ni zaga ya rama mini da abin da ya fi nawa daɗi.

Allah ya jiƙan Nomau, ya yafe masa abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Yadda bai bar 'yar'uwarsa ita kaɗai da yunwa ba, ya Allah kada ka bar shi shi kaɗai a kabarinsa. Ka ba Yaya Ige haƙuri, mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani. Amin.